Sunan Kawu a Waya Goma Sha Ɗaya

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Zafi ba a magana. Wuta ta ɗauke tun hantsi, a kan injin muka yini.

Wata huɗu ke nan da na fara aiki a buro, wato ofishin ƙungiyarmu na Konni, sai yau aka ba ni aikin da ya wuce gyaran na'urar buga takarda. Malam Bashir, shugaban masu ordinater, wato kwamfuta, na babban buro a Yamai, shi ya kira ni da kansa. Takardunmu duka suna ma'ajiyar intanet, wadda suke ce wa kilawud. A cikinta akwai jaka ɗaya da ta fi kowace nauyi: sunayen masu karɓar maganin sida, cutar ƙanjamau, na Konni da Malbaza da Illela. Suna, gari, unguwa, ranar zuwa karɓa. Mutum ɗari uku da sha biyu. Da yawansu ko uwar da ta haife su ba ta sani ba.

Ya ce in kafa dokar tsaro a kan jakar. Daga yau a waya sai dai a duba, ba a saukewa. Saukewa sai a ordinater na buro. Cikin awa ɗaya na gama. Na gwada da wayata, ta ƙi ni ƙiri-ƙiri. Na ji daɗi har na yi wa kaina tafi, ni kaɗai a ɗaki kamar mahaukaciya.

Kawu Almoustapha ya leƙo ya ce, "Ɗiyata, an gama da aljanun?" Haka yake kiran duk abin da ke cikin ordinater. Shi ne shef, shugaban buron nan, kuma yayan Inna ne. Shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, shi ya kai ni karatu Yamai. Na ce an gama, Kawu.

Talata, 6 ga Mayu

Ba a gama ba.

Ma'ajiyar tana da rajista da take rubuta duk abin da aka buɗe ko aka sauke. Matsayina bai kai in ga sunan wanda ya yi ba, sai adadi da irin na'ura da gari. Na buɗe da safe don in yi murna, sai na ga an sauke takardar sunayen sau ashirin da uku tun jiya, duka a wayoyi. Malbaza, Badaguishiri, Tajaye, nan Konni. Dokar tana nan a kunne, koriya shar, kuma ana wucewa ta gabanta kamar babu ita.

Na sake gwadawa da wayata. Ta ƙi. To ni kaɗai aka kafa wa dokar?

Laraba, 7 ga Mayu

Na zaci na kama shi. Dokar tana tare wanda ya shiga ta shafin intanet ne kawai, wanda ya shiga ta manhajar waya yana bi ta wata ƙofa daban. Na ƙara manhajar cikin dokar. Malam Bashir ya ce in ba ta kwana ɗaya ta bi ko'ina.

Ina jira. Na sayi mangwaro a kasuwa, rabinsu sun lalace kafin in iso gida.

Alhamis, 8 ga Mayu

An sauke sau sha tara.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na duba ko akwai tsohuwar doka da take danne sabuwar. Akwai guda biyu, na mai da tawa sama da su. Na duba ko sunan jakar na rubuta daidai, harafi bayan harafi, sau uku. Na goge dokar gaba ɗaya na sake gina ta daga tushe. Har na fara zargin rezo, layin sadarwar waya, don a nan waya takan bar namu ta kama na Najeriya ba tare da ta yi sallama ba, na ce ko ma'ajiyar tana ruɗewa da inda mutum yake. Na hau kabu-kabu zuwa wajen gari inda na san rezon can yake kamawa, na tsaya a rana na gwada. Ta ƙi ni a can ma. Mai kabu-kabun yana kallona, ya ce ko saurayi ne ya ƙi ɗauka. Na ce ya mayar da ni buro.

Malam Bashir ya kira bayan Juma'a. "Madmazel Naja'atu, a Maraɗi ta kama, a Dosso ta kama. Konni kaɗai." Na ji sauran da bai faɗa ba. Ana cewa Kawu ne ya kawo ni. Ai gaskiya ne, shi ya kawo ni. Amma takardata ba shi ya rubuta mini jarrabawarta ba.

Na roƙe shi ya ƙara mini matsayi in riƙa ganin sunaye a rajista. Ya ce zai duba ranar Litinin.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ba na jin daɗin abinci. Inna ta ce aikin zaune ma yana ramar da mutum ashe.

Abin da ke damuna ba Malam Bashir ba ne. Duk saukewa ɗaya, takardar ta kwanta ke nan a cikin wata waya da ban san hannun da take ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Na bi Mumuni, shofer ɗinmu mai tuƙa motar buro, zuwa ƙaramin buronmu na Malbaza, in gani da idona. Hanya cike da manyan motocin siminti, muna binsu a baya kamar masu rakiya.

Ajan, wato ma'aikacinmu na can, ya tarbe ni da ruwan sanyi. Na ce ya buɗe jakar a wayarsa yadda ya saba. Ya danna sau biyu, ta buɗe. Ba modepas, wato kalmar sirri, ba kod. Ya danna saukewa, ta sauka sumul. Na karɓi wayar na duba saman allon, inda sunan mai kont, asusun da aka shiga da shi, yake fitowa.

Sunan Kawu ne.

Na ce ina naka kont ɗin? Ya yi dariya ya ce ai ya ma manta da shi. Nasa yana neman kod da ake aikowa ta saƙon waya, saƙon kuwa sai ya ga dama yake zuwa. "Na Shef muka amfani da shi, dukanmu. Shi ya ba mu." Ya faɗa yadda mutum zai ce maigida ya ba su gero. Mumuni ma ya gyaɗa kai, ya ce har shi yana da shi, don yana tura hotunan kaya idan ya kai.

A hanyar dawowa na jingina kai da taga har Konni. Mumuni ya zaci zafi ne.

Talata, 13 ga Mayu

An ƙara mini matsayi. Yanzu ina ganin komai, kuma da ma ban gani ba.

A ƙasan shafin dokokin akwai wani jeri na waɗanda doka ba ta hawa kansu. Suna ɗaya ne a ciki. Wanda ya riƙe aikin nan kafin ni shi ya sa shi, shekara biyu da suka wuce, har ya rubuta dalili a gefe: "Shef ya ce." Shi ke nan dalilin.

Kont ɗin Kawu yana buɗe a waya goma sha ɗaya. Kwana takwas ina dukan dokar da ba ta yi laifin komai ba. Tana tare kowa tsaf, sai dai duk ma'aikatanmu na karkara da sunan mutum ɗaya suke shiga, kuma shi ne wanda aka ce kada ta taɓa.

Gyaran ba ya ɗaukar minti ɗaya. In danna sunan, in ce cire. Na ɗora yatsana na ɗauke.

Laraba, 14 ga Mayu

Na same shi a ofishinsa bayan azahar, yana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani a hankali, na kewaya na kewaya kafin in iso wurin.

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni wahala ke nan. Ya ce, "Ɗiyata, ke ba ki ga yadda anka yi ba. Saratu, ajan ɗinmu, ta zamna ƙarƙashin icce a Badaguishiri tana jiran kod, mara lahiya na gabanta, tun hantsi har azahar. Ni in zamna nan cikin sanyi da nawa da ke buɗewa, in hana su?" Na ce gaskiya ne, Kawu, amma sunayen mutane. Ya ce, "Mutanena na. Shekara ashirin muna tare da wasunsu. Wa za shi cuce ni cikinsu?"

Na ce ba cuta nake tsoro ba, waya ce, tana ɓata, ana ara. Ya ajiye kofin. "Kada ki taɓa. In kinka cire, kin ce ma su ban yarda da su ba. Kuma Yamai su ji mi? Saura mini shekara guda in aje aiki da mutuncina."

Na ce to, Kawu. Da bakina na ce to.

Alhamis, 15 ga Mayu

Malam Bashir yana son rapor, wato rahoto, a rubuce ranar Juma'a ta sama, 23 ga wata: me ya hana dokar kamawa a Konni. Idan na rubuta gaskiya, na kai Kawu gaban Yamai da hannuna. Ba da kont ga wani laifi ne da ake kora a kansa, duk mun sa hannu a takardar. Idan na ce ban gano ba, na zama wadda ba ta iya aikinta ba, kuma ƙofar tana nan a buɗe.

Na gwada hanya ta uku. Na ce ko zan iya toshe wayoyin ɗaya bayan ɗaya ba tare da na taɓa sunansa ba. Sai sun sake shiga da modepas ɗin da duk sun haddace. Ko in canza modepas? Kafin la'asar zai kira kowa ya gaya masa sabon, da zuciya ɗaya.

Duk inda na juya shi ne a tsaye.

Asabar, 17 ga Mayu

Kawu ya aiko mana da buhun albasa da kaji biyu, kamar yadda yake yi duk wata. Inna tana ta sa masa albarka. Ni na fige kajin.

Litinin, 19 ga Mayu

Madam Saratu, ajan ɗinmu ta Badaguishiri, ta kira ni da hantsi. Ba ta taɓa kirana ba.

Hoton wani shafi na takardar yana yawo a wayoyin garin. Shafin Badaguishiri ne, sunaye goma sha huɗu. Wata mai suna Barira, mai sayar da ganyen lambu a kasuwa, ƙanin mijinta ya nuna mata sunanta a wayarsa a gaban mutane. Mijin yana ci-rani a Abijan. Shekara uku tana shan magani ba ta taɓa fashi ba.

Madam Saratu ta ce, "Ke ce mai injin. Ta ina abin ga ya hita?" Na ce ina bincike.

Ƙarya na yi. Na san ta inda ya fita tun ranar Talata. Na shiga bayi na yi kuka, na wanke fuska, na dawo na zauna gaban allon.

Talata, 20 ga Mayu

Na jera wayoyin goma sha ɗayan a takarda, na kira kowane ajan na tambaye shi irin wayarsa. Goma sun sami masu su. Ta sha ɗayan ba ta kowa ba ce, kuma a Badaguishiri take kwana.

Mumuni ne ya gane ta da na faɗi irinta. Tsohuwar wayarsa ce. Da ya yi sabuwa da azumi sai ya ba ɗan'uwan matarsa, wani mai awon hatsi a can, kamar yadda kowa yake yi, waya ba ta mutuwa sai ta zaga dangi. Ya goge hotunansa da lambobinsa. Manhajar bai san ana fita daga cikinta ba. Ya riƙe kai da hannu biyu yana salati, babban mutum, har na ji tausayinsa.

Na fitar da waccan wayar daga kont ɗin nan take. Wannan ban nemi izinin kowa ba. Amma hoton ya riga ya tafi, shi ba ni da maɓallin da zai dawo da shi.

Kawu ya ji. Ya rufe ofishinsa bai fito ba har aka tashi.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ranar kasuwar Badaguishiri. Na ce wa Madam Saratu ta kai ni wurin Barira. Ban san abin da na je yi ba, ƙafata ce dai ta ƙi zama.

Ba ta fito kasuwa ba. Mun same ta a lambu cikin kwari, tana ban ruwa da kanta, ita da guga. Wurin da take kasa kaya a kasuwa wata ta riga ta zauna. An ce tun ranar Lahadi ba wanda ya sayi ganyenta, matar da suka saba hira tare ta daina shan ruwa a kofinta. Siririya ce, ba ta girme ni da yawa ba.

Madam Saratu ta ce mata ni ce mai kula da ordinater. Ta dube ni sau ɗaya ta ci gaba da jan ruwa. Abin da na riƙe daga maganarta kaɗan ne. "Ni ban hwaɗa ma kowa ba. Ku kunka ce ba wanda za shi sani." Sai kuma, "Ɗiyana biyu na lakwal, suna karatu. Su mi sunka yi?"

Na ce ki yi haƙuri. Kalmar ta fito mini ƙarama ƙwarai.

Ranar karɓar maganinta 29 ga wata. Madam Saratu ta roƙe ta kada ta fasa, ta ce za ta kawo mata har gida a ɓoye. Barira ta ce yanzu kuma mene ne ɓoye.

A mota na ƙirga. Goma sha huɗu sun fita. Saura ɗari biyu da casa'in da takwas, suna kwance a waya goma da za a iya ba wani ɗan'uwa gobe.

Juma'a, 23 ga Mayu

Kafin in fita Inna ta tare ni a bakin ƙofa. Ashe Kawu ya zo jiya ina Badaguishiri. "Naja, mi ke tsakaninki da yayana? Ya ce akwai takardar da za ki aika Yamai." Na ce aiki ne, Inna. Ta ce, "Aikin wa ya ba ki shi? Rigar lakwal ta farko da kinka sa, shi ya ɗinka miki. Kada ki sa in kasa ɗaga kai cikin dangi." Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mini mayafi ma.

Na isa buro ƙarfe takwas. Na zauna har tara ban taɓa komai ba.

Tara da minti goma na cire sunan Kawu daga jerin. Na fitar da kont ɗinsa daga duk wayoyin, na sa dole sai da sabon modepas da kod da ke wayarsa shi kaɗai. Na jira. Rajista ta fara nuna ja, ja, ja: Malbaza an hana, Tajaye an hana, Illela an hana. Dokar ta kama. Kwana goma sha takwas ina jiran ganin wannan, da ya zo ban yi wa kaina tafi ba.

Wayata ta fara ƙara. Ban ɗauki ta kowa ba sai da na gama rapor.

Na rubuta shi sau huɗu. A na farko na ce "wani kont". A na biyu "kont ɗin wani ma'aikaci". Na huɗu na rubuta yadda abin yake: kont ɗin shef, ba doka a kansa tun shekara biyu, yana waya goma sha ɗaya, ga wadda takardar ta fita ta cikinta. Na rubuta dalilin da ya sa ya bayar, don shi ma gaskiya ne, kod ba ya zuwa a karkara. Na kuma rubuta cewa na gano tun 13 ga wata ban gyara ba sai yau. Wannan layin ya fi sauran wuya. Na aika kafin a tafi masallaci.

Asabar, 24 ga Mayu

Inna ba ta yi mini magana. Tana ajiye mini tuwo a rufe ta shige ɗaki.

Talata, 27 ga Mayu

Kwana biyu ina hanya, Malbaza jiya, yau Illela da Tajaye. Tunda na rufe musu ƙofar da suka saba, dole in buɗe musu tasu. Akwai manhajar da take ba da kod a cikin wayar kanta, ba ta jiran saƙo, ko babu rezo tana aiki. Tun da can tana nan. Ba wanda ya taɓa zuwa ya zauna da su ya nuna musu, sai aike daga Yamai cikin Faransanci mai shafi shida.

Ajan ɗin Tajaye dattijo ne, ya sa ni maimaitawa sau biyar, daga baya ya ce ashe abin bai kai ɗaurin akuya wuya ba. Na Malbaza bai kawo mini ruwa ba wannan karon. Ya ce, "Kin ci amanar Shef." A gaban Mumuni ya faɗa. Na ce sa modepas ɗinka, kuma kada ka gaya wa kowa, har ni.

Na gaji har ƙashina.

Laraba, 28 ga Mayu

Takarda ta zo wa Kawu daga Yamai. Ba a kore shi ba. Gargaɗi ne a rubuce, kuma za su aiko mutum wata mai zuwa ya yi bincike. Ni ma an ba ni tawa, saboda kwana goman da na yi shiru. Na karanta ta sau ɗaya na sa a jaka. Ban ji an zalunce ni ba.

Mun haɗu da shi a baranda. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri.

Alhamis, 29 ga Mayu

Barira ba ta zo karɓar magani ba. Madam Saratu ta je gidan da shi a cikin jaka, ta tarar da ƙofa a rufe. Maƙwabta sun ce ta kwashi yaran ta tsallaka Najeriya wurin wata yayarta, ba su san garin ba. Maganin da ya rage mata bai wuce na kwana uku ba.

Cikin sauran sha ukun, huɗu ma ba su zo ba.

Litinin, 2 ga Yuni

Hadari ya haɗu da rana, bai zubar ba.

Rajista tsaf take yau. Kwana goma ba a sauke ko shafi ɗaya a waya ba. Kowa da sunansa yake shiga. Malam Bashir ya aiko saƙo na yabo, ban amsa ba tukuna. Na buɗe shafin Badaguishiri a ordinater, gaban sunan Barira Madam Saratu ta rubuta "ba a same ta ba". Na daɗe ina kallon wurin. Na kira abokan aikinmu na asibitocin da ke kusa da iyaka, ba tare da na faɗi suna ba, na ce idan wata mai yara biyu ta zo neman magani babu takarda, don Allah kada a kore ta. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Wajen sha ɗaya Kawu ya zo ɗakina. Tun ranar Juma'ar can bai shiga kont ɗinsa ba, sakatare yake aikowa. Yau ya zo da kansa, waya a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya rame. Ya ce, "An ce ke kaɗai ka iya sa mini abin kod ɗin nan."

Na ce ya kawo. Na sa masa manhajar, na nuna masa inda lambar take fitowa. Na juya masa allon na ce ya rubuta sabon modepas, na kau da kaina. Ya daɗe yana dannawa da yatsa ɗaya. Da ya gama ya fara faɗa mini abin da ya sa, don in riƙe masa kada ya manta. Na ce a'a, wannan naka ne kai kaɗai, ko ni ba zan ji ba. Ya sa wayar a aljihu. Ya tambaye ni ko an ji labarin matar nan. Na ce ba a ji ba. Ya ce Allah shi sa tana inda za a ba ta magani. Na ce amin. Ya fita.

Sai da ya kai baranda na lura duk wannan a tsaye ya yi shi, ni ina zaune. Ban tashi ba, ban durƙusa ba, ban ma miƙa masa kujera ba. Aiki ne ya ɗauke mini hankali, ina jin haka ne.

Na san zai manta modepas ɗin, kafin Juma'a zai dawo. Ban san ko zan tashi ba.